Filash, memori ko SSD: wanne za ka saya, kuma yaya ake gane na jabu?

Idan wurin ajiyar aikin makaranta, hotuna da bidiyo kake nema, shawarata ita ce ka sayi ƙaramin SSD (ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta da ke aiki da guntun lantarki) mai 256GB ko 512GB, ka saka shi a gidansa mai kebul ɗin USB 3. Babu abin da ke juyawa a cikinsa, don haka faɗuwa daga tebur ba ta cika yi masa lahani ba, kuma yakan kwashi wajen megabait 400 a daƙiƙa ɗaya. Abin da ya fi burge ni shi ne yana faɗin tarihinsa da kansa. A kwamfuta mai Linux ka buɗe tagar rubuta umarni (terminal), ka rubuta `lsblk` ka ga sunan da aka ba shi, sannan `sudo smartctl -a /dev/sdb`, ka sa wancan sunan a madadin sdb. Layin Power_On_Hours zai nuna maka awannin da ya yi yana aiki. Mai kaya ya ce sabo ne fil, ka ga awa dubu tara, ciniki ya ƙare.

Katin memori na waya ne da kyamara, a bar shi can. HDD, wato hard disk mai faifai da ke juyawa, yana da arha, amma ya faɗi sau ɗaya sai addu'a. Filash kuwa na kai takarda wurin firinta ne.

A filash ɗin ne ma aka fi cutar mutane. Za ka ga an rubuta 1TB a jikinsa, kuɗinsa bai kai na mai 32GB na gaske ba. Abin da suke yi, suna sauya bayanin ɗan guntun da ke sarrafa shi, sai ya gaya wa kwamfuta ƙarya. Da ainihin wurin ya cika, sabon abu ya hau kan tsoho ko ya ɓace, sunayen fayil suna nan, ka buɗe ka tarar wayam. Haka hotunan bikin ƙanwata suka salwanta.

Maganinsa shirin f3, manhajar gwada ainihin girman filash. Ka ba `f3write` hanyar filash ɗin ya cika shi, sannan `f3read` ya karanto ya faɗi nawa ya lalace. In kana sauri akwai `f3probe --destructive`, sai dai yana goge abin da ke ciki, ka duba sunan na'urar da kyau kafin ka danna. Masu Windows su nemi H2testw.

Amma kada ka ɗaga wa ɗan kasuwa murya don 64GB ya nuna 59.6. Kamfani da dubu yake lissafi, Windows kuma da 1024, wannan ba cuta ba ce.

Filash da SSD duka cajin lantarki suke tsarewa cikin ƙananan ɗakuna, kuma zafi yana sa cajin saurin zurarewa, saboda haka kada a bar su a mota cikin rana. Kafin ka biya, ka ce: "Alhaji, zan gwada, in ya faɗi gwajin zan dawo da shi." Wanda ya ƙi wannan sharaɗi, wuce shago na gaba.