Tirakar ST-901 a jikin piragiya da babur a Kumasi: ta yi, amma sai an iya ɗaura ta

Duk mai piragiya (keke mai ƙafa uku na fasinja) ko aboboya (na ɗaukar kaya) da ya ba yaro tuƙi a Aboabo, Asawase ko Sabon Zango, abu biyu yake son sani: ina abin hawansa yake yanzu, kuma in an sace zai iya kashe injin daga nesa? Cikin ƙananan na'urorin bin diddigi da ake samu a shagunan kayan wuta, ST-901 ta kamfanin SinoTrack tana biyan wannan buƙata daidai gwargwado. Ƙarama ce, ba ta cika tafin hannu ba, an rufe ta yadda ruwan sama ba ya shiga, kuma tana aiki da batirin 12V na piragiya da babur kai tsaye.

Aikinta kashi biyu ne, kuma masu saye da yawa ba sa bambancewa. Tana sauraron taurarin ɗan'adam na GPS da ke shawagi kimanin kilomita 20,200 a sama, tana buƙatar aƙalla guda 4 kafin ta gane inda take. Wannan kyauta ne. Amma kafin labarin ya iso wayarka, sai ya bi ta layin sim da ke cikinta. In sama a buɗe take, kuskurenta ba ya wuce mita 5 zuwa 10. In kuwa an shigar da piragiyar ƙarƙashin rumfar kwano a Magazin ta Suame, unguwar makanikai, ko cikin ginin siminti, sai ta daina jin taurarin, taswira ta tsaya a wurin ƙarshe da ta gani. Ba lalacewa ta yi ba. Haka nan in sabis ya ɗauke a hanyar ƙauye, ta san inda take amma ba ta da bakin faɗa maka.

Ka tambayi mai shago iri biyu kafin ka biya. Asalin ST-901 da 2G take aiki. ST-901L ce mai 4G. Ga wanda zai riƙe abin hawa shekaru, mai 4G ta fi dacewa ko da kuɗinta ya ɗara, domin kamfanonin waya a ƙasashe da dama suna rage 2G. Sannan akwai wadda ake sayarwa ba tare da rile ba, wato ɗan makunnin da ke yanke wa inji wuta, ita nuna wuri kawai take yi. Mai son kashe inji sai ya nemi mai wayoyi huɗu da rilenta a kwali.

Wurin ɗaurawa ne aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci. Jar waya tana zuwa ga wutar batir da ba ta ɗaukewa ko an zare makulli, kuma a sa mata fiyus ƙarami, 1A ko 2A. Baƙa tana zuwa ga jikin ƙarfe ko ƙafar batir ta biyu. Mai ruwan lemo ana haɗa ta da wayar da ke samun wuta idan an murɗa makulli kaɗai, ita ce ke gaya wa na'urar cewa inji a kunne yake. Rawaya kuma ta rile ce. Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗa ja da mai ruwan lemo wuri guda don sauri: ko dai tiraka ta mutu da zarar an kashe inji, ko ta riƙa nuna inji a kunne dare da rana. Rilen kansa ana sa shi a tsakiyar wayar da ke kai wuta ga famfon mai, ko ga tartsatsin inji in abin hawan mai kafireta ne. A yi haɗin da darma a naɗe da kyau. Haɗin murɗawa da salatif ba ya jure girgizar piragiya a kan ramuka; bayan 'yan watanni inji zai fara mutuwa da kansa, direba ya ɗora wa tiraka laifi.

Kada a ɓoye ta ƙarƙashin tanki ko cikin akwatin ƙarfe. Sigina yana ratsa roba, katifa da gilashi, ba ya ratsa ƙarfe. Bayan dashbod ko cikin robar jiki ya fi, fuskar da takardar bayani ta nuna tana kallon sama, nesa da zafin salansa. Kusa da batir ma ba wuri ba ne, nan ɓarawo yake fara leƙawa. Kafin a mayar da murfi, a fito fili a jira fitilunta biyu, shuɗiya ta GPS da mai ruwan lemo ta sabis, su daina ƙiftawa su tsaya cak.

Saitinta da saƙon tes ake yi, lambar sirrinta ta asali kuwa 0000 ce, ita ce sifili huɗun da ke ƙarshen kowane umarni. A layin MTN, 8030000 da tazara sannan kalmar internet yana saita mata hanyar data. 7100000 yana sa ta aika bayani zuwa manhaja. 6690000 yana dawo maka da mahaɗin taswirar Google. 9400000 yana yanke wuta, 9410000 yana mayarwa. Kada ka aika umarnin yankewa alhali kana ganin abin hawan yana gudu ɗauke da fasinja. Jira ya tsaya.

A nan ne babban raunin na'urar yake. A watan Yunin 2025 hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta yi gargaɗi cewa lambar da ke rubuce a jikin na'urorin SinoTrack ita ce sunan shiga manhaja, kuma dukkansu da lambar sirri iri ɗaya suke fitowa. Wanda ya ga lambar jikin taka, in ba ka canza sirrin ba, zai iya ganin inda kake, har ya kashe maka inji. Don haka a ranar ɗaurawa ka canza na manhaja da na tes da hannunka, bayan mai gyaran wuta ya gama nasa. Layin ma ya kasance da Ghana Card ɗinka, wato katin ɗan ƙasa, aka yi masa rajista, ba na yaron shago ba. Data kaɗan take ci, amma amsar tes da kiredit take fita, kuma layin da aka bari wata da watanni babu caji kamfani yana iya rufe shi. Tiraka da yawa da ake cewa sun mutu, layinsu ne ya mutu.

Tana shan batir ko inji a kashe. A piragiya mai fita kullum ba za a ji ba. A babur mai batir 5Ah lissafin daban ne: na'urar da ke jan 30mA tana cinye kusan 0.7Ah a yini, ka ga kwana huɗu a ajiye ya isa ya hana sitata juyawa. Ƙaramin batirin da ke cikinta kuwa na ɗan lokaci ne, amfaninsa ya aiko da ƙararrawa idan aka yanke waya.

Manhajarta ba ta da kyan gani, amma tana nuna hanyar da aka bi, gudu da inda aka tsaya, kuma ana iya zana shinge a taswira. Tun da hukumar birnin Kumasi, KMA, ta taƙaita shigar piragiya tsakiyar gari a 2023, shinge kewaye da Adum da Kejetia yana sanar da maigida kafin a kira shi cewa an kama masa keke. Ka gaya wa direba akwai tiraka tun ranar da za ku ƙulla yarjejeniya. Inda aka ɓoye ta ne kawai sirrinka.

Wasu suna cewa AirTag, ƙaramar na'urar nemo kaya ta kamfanin Apple, ta fi sauƙi, babu sim babu waya. Gaskiya ne, batirin CR2032 ɗaya yana kai ta kusan shekara. Sai dai ba ta da GPS. Bulutut take fitarwa, sai iPhone ta gifta kusa sannan wurin ya sabunta, a unguwannin da Tecno, Infinix da itel suka fi yawa kuwa jiran yana iya yin tsawo. Kuma an ƙera ta don hana bibiyar mutane a ɓoye, saboda haka tana yin ƙara idan ta daɗe rabe da mai ita, wayar wanda ke tafiya da ita ma tana iya sanar da shi. Ga jakar tafiya ko makullai ta yi. A piragiya sai dai ta zama ta biyu bayan mai waya. Tambarin RFID irin na kunnen shanu ko na kwalin kaya kuwa ba ya cikin wannan gasa: ba shi da batir, sai an kawo na'urar karantawa kusa da shi yake amsawa, don haka ƙirga kaya yake yi, ba nemo su ba.

In an sace abin hawa, aika 669 da sabuwar lambar sirrinka, ka ɗauki hoton taswirar da lokacinta, ka kai ofishin 'yan sanda mafi kusa tare da takardun mallaka. Wurin da taswira ta nuna zai iya faɗawa kan gidan maƙwabci, don haka ba a tara samari a afka gida da hujjar ɗigo a waya.