Makirufo nawa babban wasa mai waƙa yake bukata, kuma wane iri za a saya?

Idan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta unguwa ko ta makaranta ta ɗaura niyyar yin babban wasa mai waƙe-waƙe, irin wanda za a ga mutum talatin ko arba'in a kan dandamali har da 'yan amshi da makaɗa, kuɗin da aka tara yawanci a kan ɗinki da fenti da hayar zaure yake ƙarewa. Sai saura mako guda a tuna da sauti, a tura wani kasuwa ya sayo akwati ɗaya mai makirufo takwas marasa waya don shi ne mai araha. Ranar wasa jaruma ta buɗe baki, lasifika ta ƙwala ihu, na bayan zaure su koma hira. Wasan magana zalla yana iya tsallake irin wannan, tunda mai kallo zai bi labarin da ido. A wasan waƙa kuwa, baitin da ba a ji ba ya tafi ke nan.

Kafin a taɓa ko sisi, a fara yanke yadda za a yi waƙar. Hanya mafi sauƙi ita ce a shiga sitidiyo a naɗi komai, ranar wasa a kunna 'yan wasa su bi baki. Mutanenmu sun saba da wannan a finafinai, ba za su yi ƙorafi ba, kuma makirufon da za a nema na wuraren magana ne kawai. Aibinta shi ne abin da aka naɗa ba ya jiran kowa. In jarumi ya yi tuntuɓe, ko zaure ya ɗauki tafi da guɗa, waƙa ta wuce ta bar shi yana motsa baki a banza. Hanya ta biyu ita ce kiɗa a naɗe, murya kai tsaye, kuma ita nake ba ƙungiyar da ba ta da makaɗa shawara. Ta uku makaɗa a zaune, komai kai tsaye. Ita ta fi daɗi, ita kuma ta fi cin kaya, domin kalangu da algaita ba sa neman taimakon lasifika, muryar yarinya 'yar shekara sha biyar ce za ta sha wuya a gabansu.

A kuma dubi wurin. A Kauyen Wasa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, wanda aka gina da laka a shekarun 1970, masu kallo kusa suke da 'yan wasa, murya mai horo tana kaiwa ko babu na'ura. Zauren taro mai rufin kwano da daɓen siminti wani abu ne daban, amsa-kuwwa ke cinye kalmomi. Filin makaranta kuma iska ke kwashe su.

Iri huɗu, kowanne da halinsa

Na hannu shi ne kowa ya sani. Yana kusa da baki, don haka yana ba da ƙara sosai kafin lasifika ta yi ihu, yana kuma jure faɗuwa. Shure SM58 mai waya tun 1966 ake yin sa, har yau shi ake gwada sauran da shi. Amma ɗan wasan da ke riƙe da makirufo ba zai iya ɗaukar tulu ko zare takobi ba, kuma da zarar an gan shi a hannu wasa ya koma gangamin mawaƙa. A saya biyu, ɗaya na mai gabatarwa, ɗaya ajiya don ranar da wani ya mutu a tsakiyar waƙa.

Na maƙalawa a kwala, irin na masu karanta labarai a talabijin, shi ne wanda ya fi yaudarar masu saye. Ga mai zaune yana kallon gaba ya yi. Ɗan wasa kuwa yana juya kai, kuma duk juyawa ɗaya murya ta yi ƙasa ta dawo. Ga kuma kayanmu: babbar riga mai sitaci tana ƙara kamar ana yaga takarda, gyale yana gogar kan makirufon, sarƙa da tsakiya suna bugunsa. A manyan gidajen wasa na Landan da New York ba a kwala suke sa shi ba, a gaban goshi suke ɓoye shi cikin gashi ko a saman kunne, don ya riƙa juyawa tare da kai. A nan dabarar goshi ba ta cika yi ba, saboda hula da rawani da ɗankwali. Saman kunne da filastar asibiti ya fi.

Na kumatu, mai siririn ƙarfe da ke zagaya kunne ya kawo kan makirufon gefen baki, shi ne zaɓina ga manyan jarumai. Ana ganin sa, gaskiya ne, amma bayan minti biyar mai kallo ya manta da shi. Tazararsa da baki ba ta canzawa, yana zama daram a ƙarƙashin hijabi ko rawani in an fito da kansa waje, kuma mawaƙin da bai ƙware ba yana samun ƙarar da yake bukata. Inda yake mutuwa shi ne wayarsa, daidai inda ta shiga ɗan akwatin ƙugu, wato wanda ake ɗaura wa ɗan wasa don ya aika muryarsa ta iska. A saya da ƙari biyu ko uku. A kuma duba bakin toshinsa, domin na Shure da na Sennheiser ba iri ɗaya ba ne, ba sa shiga juna.

Na huɗu shi ne wanda ƙungiyoyi ke mantawa, alhali shi ke ɗauke nauyin 'yan amshi: na shimfiɗawa a bakin dandamali da na ratayawa daga sama. Crown PCC-160 ya daɗe yana wannan aiki a ƙasa, Shure MX202 da Audio-Technica PRO 45 kuma na ratayawa ne. Uku a jere a gaba, biyu a rataye a baya, sun ɗauki mutum ashirin ba tare da batir ko ɗaya ba. Duk masu waya ne, suna shan wutar bolt 48 daga mikisa, wato na'urar da ke haɗa sautin dukkan makirufo ta tura wa lasifika, don haka a tabbata mikisar tana bayarwa. Ƙa'idar jera su ita ce tazarar da ke tsakanin makirufo biyu ta ninka tazarar mawaƙi da makirufonsa sau uku. Na ƙasa suna jin takun rawa, sai a sa musu soso a ƙarƙashi. A fili mai iska, ko kusa da ganguna, amfaninsu kaɗan ne.

To, lissafin ya fito. A wasan mutum talatin, masu rera baiti su kaɗai da wuya su wuce shida ko takwas, kuma ba duka suke kan dandamali lokaci guda ba. A zauna da rubutun wasan a ja layi, fita ta fita, a ga wa ke bukatar makirufo a ina. Sau da yawa za a tarar marasa waya shida sun isa, in akwai mutum ɗaya a bayan labule da aikinsa kawai cire akwati daga ƙugun wannan ya ɗaura wa wancan. Yawa ma illa ne: duk sanda aka ninka adadin makirufon da ke buɗe, sai an rage ƙara da desibel 3 (desibel ma'aunin ƙara ne) kafin a tsira daga ihun lasifika.

Zangon da yake aiki a kai

Makirufo mara waya a kan zangon rediyo yake aika murya, kamar VHF ko UHF, kuma nan ne kuɗi ke salwanta ba a sani ba. Masu arahar nan na VHF, da wasu na UHF ɗin ma, tasharsu a kafe take, ba a canzawa. In wani abu ya shigo musu a zauren, babu abin yi. In kuka sayi akwati biyu masu lamba ɗaya, ba za su yi aiki tare ba. Duk wanda ba a iya canza masa tasha, a bar shi a shago.

Na 2.4 GHz, irin su Rode Wireless GO da DJI Mic da ƙananan da masu bidiyon TikTok ke maƙalawa, sautinsu mai kyau ne, amma don kyamara aka yi su, mutum ɗaya ko biyu. Zangonsu ɗaya da Wi-Fi da Bluetooth. A ranar gwaji zaure babu kowa, za su yi lafiya lau. A ranar wasa mutum ɗari uku sun shigo kowa da waya a aljihu, wasu sun kunna hotspot, sai yankewa ta fara.

UHF mai canza tasha, mai eriya biyu da na'urar karɓar sigina ke zaɓar wadda ta fi kamawa, shi ne na wannan aiki. A matakin farko akwai Shure BLX, wanda kamfanin ya ce ƙananan batura biyu na kai shi awa 14, kuma ana iya haɗa har 12 a zango ɗaya idan wurin babu cunkoso. Sama da shi akwai SLX-D mai awa 8, da Sennheiser ew 100 G4 da EW-D. Waɗannan sun fi tsada nesa, sun kuma fi haƙuri idan an tara su da yawa.

Mai sayen na gwanjo ya karanta lambar da ke bayan na'urar. Amurka ta hana amfani da makirufo a zangon 700 MHz tun 2010, ta bi da mafi yawan zangon 600 MHz a 2020, bayan ta sayar wa kamfanonin waya. Tsofaffin kayan da aka kora daga can suna yawo a kasuwannin duniya. A Najeriya ma zangon 700 da na 800 an ba kamfanonin sadarwa, saboda haka makirufon da ke can yana iya karo da 4G. Wanda ke tsakanin 470 da 690 ya fi kwanciyar hankali, in ya kauce wa tashar talabijin ta garin. A duba cajarsa kuma: ta Amurka ta bolt 120 ce, tamu wutar 230.

Mikisa da mai riƙe ta

Lambar da ke jikin suna ba ita ce yawan makirufo ba. Yamaha MG16XU, alal misali, makirufo 10 take ɗauka, sauran ramukan na kiɗa ne. Marasa waya shida, na ƙasa uku, na rataye biyu, kun riga kun wuce. Behringer XR18 tana ɗaukar 16 kuma ba ta da nauyi, sai dai ba ta da maɓallan turawa, da tablet ake sarrafa ta. A wasan waƙa ana buɗe wannan a rufe wancan kusan kowane layi, kuma yatsa a kan gilashi cikin duhu yana kuskure. X32, wadda ta fito a 2012, tana ɗaukar 32, tana da maɓallai na gaske, tana kuma ajiye tsarin kowace fita. Ita ce ta dace, amma ba ta saye ba ce ga ƙungiyar da ke wasa sau ɗaya a shekara.

Wanda zai zauna a kanta ya fi ta muhimmanci. Ya halarci gwaji kamar kowane ɗan wasa, da rubutu a gabansa. In bai san wasan ba, zai bar makirufon jarumi a buɗe bayan ya fita, jama'a su ji shi yana tambayar ina ruwa. A zaunar da shi a cikin zaure inda masu kallo suke, ba a gefen dandamali ba. Lasifikoki kuma su kasance gaba da layin makirufo, suna kallon jama'a.

Haya ko saye? Na shimfiɗawa da na ratayawa da SM58 da kebur a saya, shekaru za su yi, kuma za su yi amfani a walima da taron iyaye. Na kumatu ma a saya, abu ne da ke shan gumi da hoda. Marasa waya masu kyau da babbar mikisa a yi haya, tare da mai su. Farashinsu dala yake bi, kuma shida masu nagarta na iya haɗiye kasafin wasan gaba ɗaya. A yi ciniki da mai haya a kan kwanaki uku aƙalla, har da gwajin ƙarshe da cikakkun kaya a jiki. Yawancin masu hayar sun saba da biki da wa'azi, inda makirufo biyu da ƙara mai yawa suka wadatar, don haka a tambaye shi ƙarara: nawa ne naka na ƙugu, wane zango, ka taɓa kunna su duka lokaci ɗaya?

In saye ya zama dole, ko a Alaba ta Legas ko a Sabon Gari ta Kano, a sani jabun Shure da Sennheiser sun cika kasuwa, har kwali da takardu. Wanda aka ce na asali ne amma kuɗinsa bai kai rabin na dila ba, jabu ne. A kunna dukkansu tare a shagon, a sa akwatin a ƙugu ta baya, a fita waje a juya wa na'urar baya ana magana, domin jikin mutum yana tare sigina. A karɓi rasit mai lambar kowace na'ura.

Sauran ƙananan abubuwa su shiga kasafi tun farko. Batir alkalin sabo kowane dare, na jiya a bar shi don gwaji. Safar hannu ta roba a zura akwatin ƙugu a ciki saboda gumi, musamman a zafin Afrilu. Mikisar dijital tana ɗaukar lokaci kafin ta farfaɗo in wuta ta ɗauke, don haka a sa mata ƙaramin UPS, wato na'urar ajiye wuta, a kuma fara wasan a kan janareto tun daga buɗe labule maimakon jiran NEPA ta ɗauke a tsakiya. Janareton a kai shi nesa da zaure, kuma layin fitilu daban da na sauti.