HG RX-78-2 Gundam mai lamba 191: abin da ke cikin kwalin, da yadda yake jure Maraɗi

Wanda ya buɗe kwalin nan da tsammanin zai tarar da mutum-mutumi a tsaye, wani abu daban zai gani: firam-firam na roba a cikin leda, kowane yanki manne da sandarsa, sai takardar bayani mai zane da ƴar takardar sitika. Kai za ka yanka, kai za ka haɗa. Ba a buƙatar gam, ba a buƙatar fenti, domin kowane yanki da launinsa aka zubo shi, kuma ƴar ƙusa ce ta roba take shiga rami ta kama. Wannan shi ne Gunpla, wanda kamfanin Bandai na Japan ya fara fitarwa a Yulin 1980, shekara ɗaya bayan an fara nuna Mobile Suit Gundam, shirin zane mai motsi na yaƙi da manyan injuna masu siffar mutum, a talabijin. Na farkon sai da gam da fenti. Na yanzu, da ake zubawa a masana'antar kamfanin da ke Shizuoka, hannu da filaya sun ishe su.

Wanda muke dubawa shi ne RX-78-2, injin jarumin shirin, na jerin HGUC (reshe ne na ajin High Grade, HG a taƙaice), mai lamba 191, wanda aka fi sani da Revive. Ya fito a Yulin 2015, lokacin da Gunpla ya cika shekara 35, a kan yen 1,000 ban da haraji. Ma'auninsa 1/144 ne. A labarin, injin yana da tsawon mita 18, don haka idan ka gama haɗa shi zai tsaya wajen santimita 12 da rabi, bai kai tsawon biro ba. A cikin kwalin akwai bindiga, da bazuka, da garkuwa, da takubba biyu masu kaifin roba ruwan hoda, da hannaye na musanya.

Ra'ayinmu a kansa shi ne, ga wanda ya mallaki filaya mai kyau, babu wani HG da ya fi shi dacewa a fara da shi. Sai dai a san cewa a Maraɗi ba ka da inda za ka je ka sayi yanki ɗaya idan ya karye ko ya ɓata. Kuskuren da ɗan Tokiyo zai gyara da fita kanti, kai da shi za ka zauna. Shi ya sa yawancin bayanin nan ya karkata ga abin da ke lalata shi.

Tun daga saye ake fara kuskure. Kuɗinsa na asali bai wuce jika huɗu zuwa biyar ba gwargwadon canji, amma kafin ya biyo ɗan kasuwa ko ɗalibi daga waje, ko a yi odarsa ta intanet ya sauka Yamai ya hau motar safa, kuɗin hanya kan fi kuɗin kaya. A roƙi mai ɗaukowa ya sa shi a saman kaya. Kwalin ba shi da ƙwari, in buhu ya danne shi firam ɗin ya kan lanƙwashe, ƙahon goshi kuma shi ne farkon karyewa. Sannan akwai na jabu, masu hoto iri ɗaya sak. Na ainihi yana ɗauke da tambarin Bandai, ja a tsofaffin kwalaye, shuɗi a waɗanda aka buga daga wajen 2018, da rubutun cewa a Japan aka yi shi, kuma sunan Bandai yana zube a jikin firam ɗin kansa. Na jabu ramukansa ba sa daidaita da ƙusoshi: wani ya yi sako-sako ya faɗi, wani ya ƙi shiga sai ka danna har roba ta tsage. Arha ce da ba ta ado.

Kayan aiki ba su da yawa, amma filaya ita ce uwa. Abin yanke akaifa da reza su ne abin da kowa ke fara ɗauka, kuma su ne ke ɓata aiki. Abin yanke akaifa bakinsa a lanƙwashe yake, matse roba yake yi maimakon ya yanka ta. Robar nan, wadda ake kira folistirin, in aka matse ta sai ta yi fari a wurin, domin cikinta ya yi ƙananan tsagu da ido ba ya rarrabewa. A kan fari ba ya nunawa sosai, amma a shuɗin ƙirji da jan ƙafa daga nesa ake hango shi. Filayar Tamiya mai lamba 74123 tana da kyau ƙwarai, ta GodHand SPN-120 mai kaifi ɗaya ta fi ta tsabtar yanka, sai dai tsada, kuma bakinta sirirí ne, yana karyewa in aka sa ta a sanda mai kauri ko roba mai gilashi. Wanda bai samu waɗannan ba ya leƙa wajen masu sayar da kayan gyaran salula, ya nemi ƴar filayar nan mai lafaffen baya da suke yanke waya da ita. Sabuwa za a saya, kuma kada ta taɓa ƙarfe. A wajensu kuma ake samun matsefata ta ɗaukar sitika, da ƴar roba mai faɗi ta buɗe murfin salula, wadda ita ce maganin raba yanki biyu da aka haɗa bisa kuskure. Sai samfefa mai lamba 600, 800 da 1000. Kada a kusanci ta kafintoci, kaushinta zai cinye gefen yankin.

Yankan sau biyu ake yi. Tsakanin yanki da sanda akwai ɗan siririn wuya, mu kira shi cibiya. Da farko ka yanka nesa da yankin, ka bar cibiya kamar milimita biyu a jikinsa. Yanzu da ya rabu da firam, babu abin da ke jan sa, sai ka kwantar da lafaffen bayan filaya a jikinsa ka rage cibiyar kaɗan-kaɗan. Ragowar a bi ta da 600, sannan 800, sannan 1000, a hanya ɗaya, ba a zagaye ba. A naɗe samfefar a jikin ɗan katako mai faɗi, domin yatsa taushi gare shi, yana mayar da kusurwa mai kaifi ta zama dunƙulalla. In ɗan fari ya rage, a murza shi da bayan akaifa, sau da yawa yana lafawa.

Kada a yanke yankuna duka a zube su wuri ɗaya. Harafi da lambar kowanne a jikin firam suke, ba a jikin yankin ba, kuma na hagu da na dama a ƙafa da hannu kama suke kamar tagwaye. Abin da takarda ta kira a mataki, shi kaɗai za a ciro. A yi aikin a cikin babban faranti mai baki, a kashe fanka. Yankin da ya yi tsalle ya faɗa yashin tsakar gida ko ya shige saƙar tabarma, a iya cewa ya tafi. Kwalin na Japan ya ce daga shekara 8, amma inda ake da mai rarrafe a gida a tattara har guntayen cibiya.

Takardar da zane take magana, ko ba ka jin Japananci za ka bi ta. Wurare uku ne ke son natsuwa. Na farko su ne ƴan robobin nan masu taushi da ke shiga cikin gaɓoɓi, waɗanda firam ɗinsu ke ɗauke da haruffan PC. Kowanne da fuskar da yake kallo. In ka sa shi a karkace ka rufe, ɓangarorin biyu ba za su haɗu ba, in ka matsa kuma ka murƙushe shi, gaɓar ta zama sako-sako har abada. Duk lokacin da yanki ya ƙi rufuwa, ƙarfi ba ya magani, a buɗe a duba: ko robar ta karkace, ko cibiya ta rage a ciki. Na biyu shi ne kai. Idanun roba ce mai haske da ake ganin ciki, kuma sitikarsu ƙarama ce ƙwarai. A ɗauke ta da matsefata, a daidaita gefe ɗaya tukuna, a danne da audugar goge kunne. Maiƙon yatsa yana kashe gam ɗinta. Ƙahon goshi yana da ƴan ƙulli a tsininsa da aka sa don kada ya soki yaro. Ana iya rage su da samfefa ya yi tsini, amma a tallafe ƙahon da yatsa, a goga daga gindi zuwa sama. Na uku shi ne sulken gaban ƙugu, wanda ya zo a haɗe. In aka raba shi a tsakiya, kowane ɓangare zai ɗaga shi kaɗai idan ƙafa ta motsa. Mai farawa ya ware awa uku zuwa huɗu, kuma gara a raba su zama biyu.

Da ya tsaya, abin da ya fi burge mu shi ne motsinsa. Gwiwar hannu da ta ƙafa kowacce gaɓa biyu gare ta, yana durƙusawa da gwiwa ɗaya ba tare da ya faɗi ba, kafaɗa tana fitowa gaba har ya riƙe bindiga da hannu biyu, wuya yana ɗagawa sama. Tsohon HGUC na 2001 bai kusa da wannan ba, ko da yake shi ya zo da ɗan jirgin Core Fighter, wanda babu a nan. Aibinsa kuwa ba ɓoyayye ba ne. An yi shi siriri, kai ƙarami, ƙafafu dogaye, wanda ya saba da kaurin na shirin talabijin na 1979 zai ga kamar ya rame. Alamar V ta rawaya a ƙugu sitika ce, kuma ita ce farkon ɓamɓarewa da zafi. Bindiga da bazuka rabi biyu ne aka haɗa, layin haɗin yana nan a fili tun daga baki har gindi. Ana ɓatar da shi da Tamiya Extra Thin Cement, wanda narkar da roba yake yi ta haɗe: a zuba a layin, a matse har roba ta ɗan kumburo, a bar shi kwana ɗaya cur, a goge.

Abin da ke fito da kyansa da kuɗi kaɗan shi ne zana layukan da aka sassaƙa a jikinsa. Gundam Marker mai siririn baki ya isa: GM02 mai ruwan toka a kan fari, GM01 baƙi a kan shuɗi da toka, GM03 ruwan ƙasa a kan ja da rawaya. Baƙi a kan fari yana yin nauyi da yawa a wannan girman. In tawada ta fita layi, magogin fensir yana ɗauke ta. A nan ne kuma ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Kada a goge da fetur, ko tina, ko ruwan goge jan farce. Wasu suna narkar da fuskar robar nan take, wasu kuma suna kwarara cikin inda ƙusa ta matse rami, bayan kwana biyu sai a ga kafaɗa ta tsage ita kaɗai. Ko tawadar ruwa ta Tamiya, wadda don wannan aiki aka yi ta, tana iya yin haka a kan robar da ba a yi wa fenti ko feshi ba, musamman in an riga an haɗa.

Feshin da ke kashe ƙyalli, irin Mr. Super Clear ko Mr. Topcoat, yana sa shi ya daina kama da abin wasan yara, amma gwangwanin feshi ba ya hawa jirgi cikin sauƙi, samunsa wuya. Fentin feshi na babur da mota da ke kasuwa yana da zafi, yana iya yamutsa fuskar roba, sai an gwada a ragowar firam tukuna. Wanda ya samu na ainihi ya zaɓi rana. A Agusta, lokacin da damina ta kankama, danshi yana sa feshin ya bushe fari kamar an barbaɗa gari. A hunturu kuwa ƙura ke sauka a kai kafin ya bushe. Safiyar Oktoba ko Nuwamba, iska a kwance, ta fi. A raba hannu, ƙafa da kai, a tsaya santimita 20, shafa biyu ko uku marasa kauri, a kifa kwali a kai. A cire kaifin takobi, a rufe idanun injin, domin feshin yana dusashe su.

Bayan an gama, rana ce babbar abokiyar gaba. Haskenta yana mayar da farin ya zama ruwan ƙwai-ƙwai, kuma ba ya dawowa. A Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, kada a bar shi a mota rufe, ko bakin taga, ko kan bango dab da kwano: sitika na saki, siraran yankuna na iya lanƙwasa. Kwabet mai gilashi a ɗaki mai inuwa ita ce wurinsa. Busasshiyar iskar hunturu tana sa roba ta riƙa jan ƙura, a kakkaɓe ta da buroshin hoda mai taushi, ba da tsumma ba, tsumma na kama ƙaho. In gaɓa ta saki, a cire ta, a shafa ɗigon sufa-gulu siriri a kan ƙusar kaɗai, a bar shi ya bushe sarai kafin a mayar. In aka mayar da danshinsa, gaɓar ta mutu, tururinsa kuma ya bar farin tabo a kewaye. Ƙusar da ta karye ana huda gefe biyu da ɗan abin huji na milimita ɗaya, a sa guntun waya a tsakiya, sannan gam.

Wanda bai da filaya tukuna, ko yake saya wa yaro, ya duba ƙanensa na jerin Entry Grade da ya fito a 2020. Tsawonsu ɗaya, yankuna 74, ana ɓalle su da yatsa, babu sitika ko ɗaya, har alamar V ta ƙugu roba ce. Na yau da kullum ya zo da bindiga da garkuwa kawai, babu bazuka, babu kaifin takobi, kuma gaɓoɓinsa sun fi saurin saki in ana yawan juya shi. In kuɗin hanya ɗaya za a biya, a sa su biyun a kaya ɗaya: a koyi goge cibiya a kan Entry Grade, sannan a buɗe ledar 191.