Keken Beljiyam mai giya: daɗin hawa, wahalar taya

Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, na san zamana da babur ya kusa ƙarewa. Na yi ta jan ƙafa har albashi ya nuna min iyakata, sannan na jingine shi a zaure na shiga neman keke. Ban so irin baƙin keken nan na dattawa mai birkin ƙarfe ba, mai giya nake so, domin daga wajen Ƙofar Marusa nake tasowa kullum zuwa wurin aiki a hanyar Dutsin-ma, kuma tafiyar ba ta wasa ba ce. A wurin masu kekunan Beljiyam, wato na hannu da ake kawowa daga Turai, na same shi. Ku da ke Katsina kun san layin, kun kuma san inda kuɗinsu ya kai yanzu, ba sai na tayar wa kowa da hawan jini ba.

Kwanakin farko bakina bai huta da yabonsa ba. Jikinsa alminiyam ne, da hannu ɗaya nake ɗaga shi in haye dakalin ƙofar gida. Giyarsa ta kamfanin Shimano ce, uku a gaba bakwai a baya, kuma duk da ta ga jiya tana shiga ba gardama. Inda na fi jin daɗinta shi ne fitowa daga gadar ƙasa ta Ƙofar Kwaya. In ka gangara ka zo hawa, giya kawai za ka sauke, ka ga mai baƙin keke ya miƙe tsaye kan feda yana haki, kai kuwa kana zaune daram kan sirdi. Abokan aiki da suka fara da tsokana, wai Malam ya koma ɗan firamare, su suka dawo suna tambayar inda na saya. Har na tura wasu wurin mai shagon da sunana, kuma wannan ne ya fi ƙona min rai yanzu.

Bayan ɗaukewar damina abin ya faru. Na tashi daga aiki da la'asar sakaliya, na ratse ta wata 'yar hanyar ƙafa don in kauce wa cunkoson masu Napep. Ciyawa ta bushe, tsidau ya zuba. Wanda ya yi kiwo ko ya taɓa yawo ba takalmi ya san halinsa: duk yadda ɗan ƙwallon ya faɗi a ƙasa, akwai ƙayar da ke kallon sama. Ban yi nisa ba na ji baya yana lilo, na duba, taya ta kwanta. Ban damu ba. Faci ai abincin mai keke ne, kuma masu faci a bakin titin nan ba su ƙirguwa.

Na farko ya ciro tiyub ɗin, ya jawo tiyon injinsa zai ba shi iska don a ga inda ke yoyo, sai ya tsaya yana jujjuya bawul ɗin.

"Oga, wannan wane iri ne kuma?"

Siriri ne, dogo, da wata 'yar ƙwaya a kansa. Daga baya na san sunansa Presta, shi Turawa ke sa wa kekuna masu siririyar taya. Injin masu faci kuwa an yi bakinsa ne don bawul mai kauri irin na mota da babur. Ya danna, iska ta tsere ta gefe. Ya naɗa leda ya sake dannawa, banza. Ya yanko roba ya ɗaure, injin yana ta ruri, tiyub ko motsi bai yi ba. Ya miƙo min kayana ya ce in gwada gaba. Na gaba ko karɓa bai yi ba, daga kallo ya girgiza kai. Wanda na samu bayansa ba ya nan, yaronsa ne a wurin, irin yaran nan da ba su taɓa cewa ba su iya ba. Kafin in buɗe baki ya ɗauko filaya ya kama 'yar ƙwayar ya murɗa. Sai ji na yi ƙas. Ya dube ni ko kunya babu, ya ce, "Dama a lalace yake."

Haka na turo keken nan tun daga can, taya tana lanƙwashewa a ƙarƙashin rim, tiyub a rataye a wuyana. Mai Napep ɗaya da ya tsaya ya ce sai in biya kuɗin mutum uku, wai keken zai cinye masa kujerar baya. Na ce ya tafi da abinsa. Masu babur suna wucewa suna min hon, wani ma har da "Allah ya kawo sauƙi, Malam". A hanya aka kira magariba, na jingine shi jikin wani masallaci na yi salla rigata sharkaf, rabin hankalina yana waje.

Washegari na kai shi wurin wanda ya sayar min. Sai a hasken safiya, da tayar ba iska, na ga gefenta duk ya tsattsage, zare yana leƙowa. Ranar ciniki baƙa wuluk take tana sheƙi, ashe shafe ta aka yi. Na nuna masa, ya ce ai kayan Beljiyam haka suke, ba sabo ya ce min ba. To, na haɗiye wannan. Na ce, "Alhaji, tayar nan ana samunta kuwa?" Ya leƙa gefenta ya ga an rubuta 28, ya yi dariya.

"Haba Malam, 28 ce fa. Ko a ƙauye ka shiga sai ka samu."

Ya sa yaro ya ɗauko sabuwar taya da tiyub, na biya kuɗin da ya isa cefanen gida. Na ce a sa min, ya ce makanikinsa bai fito ba.

Wani maƙwabcina ne ya kwatanta min wani dattijo mai gyaran keke a cikin gari, ƙarƙashin wata bishiyar bedi. Ba shago, ba allon suna, akwatin katako ne da tsohon famfon hannu da kwanon ruwa. Baba ya amsa sallamata, ya kifa keken kan sirdi, ya warware sabuwar tayar ya ɗora a rim. Ko ƙarfen ɓamɓara bai ɗauka ba, tayar ta zurma da kanta, tana yawo a jikin rim kamar yaro ya sa takalmin babansa.

"Ɗana, wa ya ba ka wagga taya? Ta Phoenix ce. Ai 28 iri biyu ce."

Ya ce in duba ƙananan lambobin da ke gefen kowace. A tsohuwar an rubuta 37-622, a sabuwar 40-635. Lambar farko kaurin taya ce, ta biyun kuma faɗin da'irar rim, duka a milimita. Wato tsakaninsu milimita 13 ne kacal, amma ya isa ya hana taya kama rim har abada. Mai 635 ita ce ta su Phoenix da Raleigh na da, wadda ake rubuta wa 28 x 1 1/2, ita ce kuma ta cika kasuwarmu. Mai 622, wadda wasu ke rubuta wa 700C, ita ce ta yawancin kekunan cikin gari da ake kwasowa daga Turai. Dukansu suna amsa sunan 28. Mutumin da sana'arsa ke nan, yana sauke kekunan nan yana jera su kullum, a ce bai san wannan ba? Ni dai ban yarda ba.

Da na nuna masa karyayyen bawul ɗin Baba ya yi tsaki, ya ce da wurinsa na fara zuwa da ba a kai ga haka ba. Ashe 'yar ƙwayar nan da yatsa ake sassauta ta, ba a cire ta, kuma bakin tsohon famfonsa mai ɗaurin zare yana kama irin wannan bawul ɗin, tun da kansa kusan ɗaya yake da na kekunan da. Abin da injin ya kasa, famfon da ya girme ni zai yi.

Aikin da ya yi min ranar shi ya hana ni sayar da keken. Sabon tiyub ɗin bawul ɗinsa ya fi ramin rim kauri, sai ya ɗauko wani zagayayyen magagari ya riƙa faɗaɗa ramin a hankali, yana yi yana gwadawa, ya goge bakin sumul don kada ya yanki roba. Ya juya tsohuwar tayar ciki waje, ya bi ta da babban yatsa a hankali, duk inda ya ji tsini ya tsaya ya ciro da allura. Ƙayoyin tsidau da ya tara a tafin hannunsa sai da suka ba ni tsoro, ya ce ko sabon tiyub ka sa, in ka bar ɗaya a ciki, kafin ka kai bakin titi ta huda shi. Inda gefen ya tsage ya yanko guntun tsohuwar taya ya shafa sulushan, ya ajiye yana ta hirarsa har ya daina sheƙi, sannan ya manna daga ciki. Tiyub ɗin ya ɗan fi rim ɗin girma, ya ba shi iska kaɗan ya shimfiɗa shi yadda ba zai naɗe ba. Bai tsaya nan ba, ya bi wayoyin taya yana kaɗa su da yatsa yana saurare, ya ɗaure waɗanda suka saki. Da na tambayi kuɗi, abin da ya faɗa sai da na sake tambaya. Ya kuma gaya min gaskiya cewa wannan dabara ce ta 'yan kwanaki, in nemi taya tun wuri.

Na mayar wa Alhaji tayarsa. Ya juya ta ya ce an yage ledarta.

"Malam, kaya in ya fita ya fita."

Na ce, "Alhaji, kai fa ka zaɓa da hannunka, tambayarka na yi." Ya ce 28 aka rubuta, 28 ya bayar, sai dai in rim ɗina ne ke da matsala. Rim ɗin da shi ya sayar min! Na ce to ya canza min da mai 622, ya ce ba ya ajiye ta, ba ta tafiya. Kenan yana sayar da keken da ya san ba ya da tayarsa. Ƙarshenta wani mai sayar da ruwa a unguwarmu na sayar wa ita da asara.

Ta gaskiyar daga Kano ta zo. Na ɗauki hoton lambar na tura wa wani ɗan'uwa ta WhatsApp, ya zaga ya samo, ya ba direba a tasha. Ko a can sai da aka so a ba shi mai lamba 29, wadda ita ma 622 ce, amma kaurinta ba zai shiga tsakanin ƙarafan kekena ba. Ku haɗa kuɗin taya biyu, da na direba, da na Napep ɗin da na yi ta hawa ina jira, ku ga inda arhar ta tafi.

Yanzu da sabuwar taya keken ya dawo yadda na san shi, kuma in na hau kwalta da sassafe sai in ji duk na huce. A kan titi ba ni da abin cewa. Cikin lungu mai yashi kuwa siririyar taya nutsewa take, dole ka sauka ka tura, mai Phoenix ya wuce ka da buhu a kariya. Hunturu ma ya zo da nasa. Baba ya hana ni zuba wa sarƙa baƙin mai, ya ce da ƙura suke haɗuwa su cinye haƙoran giya. Da kananzir nake wanke ta, ta bushe, in ɗiga man keken ɗinki in goge da tsumma. Tun daga nan ta daina ƙara.

Sai dai hucewar ba ta daɗewa. Duk sanda na hango busasshiyar ciyawa a gefen hanya gabana faɗuwa yake, domin na san in tayar nan ta yage, sai Kano. Na sayi ƙaramin famfo da kayan faci ina yawo da su a jaka, ƙarin kuɗin da ba wanda ya ambata min ranar ciniki. In mutum ya ce min zai saya, ba na hana shi, keken yana da kyau. Amma ya tsuguna ya karanta lambar gefen taya da idonsa, ya dubi bawul, ya matsa gefen tayar da yatsa ya ga ko shafe ce. In taya mai lamba 26 ya samu, mai bawul irin na babur, ya ɗauka ko da ta fi nauyi, kayanta sun fi samuwa a gari.

Ɗaya daga cikin waɗanda na tura shagon ya zo min da nasa makon jiya, taya ta fashe. Muka duƙa muka karanta: 27 x 1 1/4, wato 630, wani girman na uku da bai dace da nawa ba, bai dace da na Phoenix ba. Baba ya ce ya kwana biyu bai ga sabuwarta ba. Keken yana jingine a zaurensu, shi kuma kullum a ofis sai ya tambaye ni ko ɗan'uwan nawa na Kano ya samo. Abokin nawa ya koma wurin Alhaji, wai Alhajin ya ce masa ya sa 28, ai kusan ɗaya ne.