Awa 11 a Sama, Barcin Awa Uku da Rabi

Wanda ya sayi tikitin jirgin dare, barci ya saya. Da wannan lissafin na zaɓi jirgin da zai tashi wajen ƙarfe 11 na dare, tafiyar awa 11 ba yada zango, na ce ina rufe ido in buɗe sai in gan ni a can, in wuce wurin taron da ya kai ni ba tare da na yi asarar yini guda ba. Da na sauka na ƙirga, barcin awa uku da rabi na samu, shi ma a gutsuttsure. Ba zan kama sunan kamfanin ba, amma zan faɗi inda sauran awoyin suka tafi.

Jirgin kansa ba ni da ta cewa a kansa. Boeing 787 ne, samfurin da ya fara ɗaukar fasinja a 2011. Kusan rabin nauyin gangar jikinsa wani haɗi ne na zaren kabon, wanda ba ya tsatsa kuma yana jure matsi fiye da alminiyum. Shi ya sa ake iya daidaita iskar cikinsa ta zama kamar kana kan tudu mai tsayin ƙafa 6,000, alhali a tsofaffin jirage kamar kana ƙafa 8,000 ne. A takarda bambancin kamar ba komai, amma jiki ya san da shi: ciwon kan nan mai ɗaure goshi da na saba sauka da shi, wannan karon bai zo ba. Ƙarar inji ma da sauƙi. Bushewar iska ce dai tana nan, don damshin cikin jirgi ba ya kai kashi 20 cikin 100. Kafin tsakar dare leɓena ya fara tsagewa, hancina kamar an zuba masa toka.

Kujera kuwa, a ajin yaku-bayi nake, inda aka jera uku-uku-uku, tara a kowane layi. Faɗinta wajen inci 17, tazararta da ta gaba inci 31. Ni ba wani dogo ba ne na a zo a gani, amma na gabana na kwantar da tasa sai gwiwata ta gaisa da bayanta, suka kwana tare. Abin da ya cece ni shi ne majinginar kai mai fukafukai biyu da ake lanƙwasowa su tallafe wuya; wanda ya ƙirƙiro wannan abu ya yi aikin lada. Bargon shara-shara ne, filon kuma tafin hannu ya fi shi da kaɗan. Da yake jikin taga nake, sanyi ya riƙa ratso bango yana cizon kafaɗata. Ba mamaki, allon da ke gabana na nuna cewa muna ƙafa 38,000, sanyin waje ya zarce digiri 50 ƙasa da sifili.

Kusa da ni wani dattijo ne, fari tas da furfura, tafiyarsa ta farko mai nisa haka, zai je ganin jikoki. A bakin hanya kuma wani saurayi ne da ya ja hular rigarsa ya rufe fuska tun kafin jirgi ya motsa. Shi ne mai wayon cikinmu, sai daga baya na gane.

Ga yadda daren ya salwanta. Mun ɗaga ƙarfe 11 daidai. Sai da aka kusa cinye awa guda kafin a fito da kurar abinci, kuma daga gaba aka faro. Layinmu yana can wajen baya, bai samu ba sai 12:50. Dattijon nan 'ya'yansa sun yi masa odar abinci na musamman tun wurin sayen tikiti, irin wanda kamfanonin jirage ke wa laƙabi da MOML, wato na Musulmi. Akwai na masu ciwon sukari, akwai na waɗanda ba sa cin nama, kuma yawanci ana so a nema awa 24 zuwa 48 kafin tashi. Irin wannan da hannu ake kawo shi kafin na kowa, don haka tun 11:50 ya samu nasa, ya ci ya sha ruwa ya yi hamdala. To amma tiren ya zauna a gabansa har 1:30, lokacin da aka zo kwashe na kowa. Awa ɗaya da rabi bawan Allah yana gyangyaɗi a kan kwanon da ya cinye, ba halin naɗe tebur, ba halin miƙe ƙafa.

Ni kaza da shinkafa na zaɓa, ɗayan zaɓin taliya ce. Da na ɓare murfin, gefen shinkafar ya ƙame ya yi ƙanzo, tsakiyar kuma zafi kamar ta ƙona harshe. Kazar ta yi laushi, miyar ta wadata, sai dai salam, kamar an manta gishiri. Burodin sanyi ƙalau, botar kuma dutse, na yi ta fama da wuƙar roba har na haƙura na ɗora ta a kan murfin kwano ta narke. Salak ɗin ganye uku ne da yankan tumatir ɗaya. Ɗan kek ɗin da aka haɗo da shi ne kawai na cinye ina neman ƙari.

Adalci dai, rashin ɗanɗanon ba duka laifin mai girki ba ne. A ƙasa ake dafa abincin awoyi kafin tashi, a sanyaya shi, a jera a kura, ma'aikata kuma ɗumamawa kawai suke yi a obin mai hura iska mai zafi. Ƙamewar gefe daga nan take. Sannan harshen mutum kansa yana dakushewa a sama. Cibiyar bincike ta Fraunhofer da ke Jamus ta gwada wannan a 2010, ta gano cewa ƙarancin matsin iska da bushewarta suna rage jin gishiri da kashi 20 zuwa 30 cikin 100, zaƙi ma yana raguwa. Hanci ya bushe, ƙamshi ba ya shiga, rabin daɗin abinci kuwa a hanci yake. Shi ya sa ruwan tumatir, wanda da yawa ba sa kallonsa a ƙasa, yake samun kasuwa a jirgi. Na karɓi kofi ɗaya da ɗan barkono, ya fi kazar shiga. Shayi ma haka: a irin wannan matsi ruwa na tafasa tun yana wajen digiri 94, ganyen ba ya sakin jiki sosai. Duk na yarda da wannan uzuri. Wanda ban yarda da shi ba shi ne a ciyar da mutum abincin dare ƙarfe ɗaya saura, bayan kusan kowa ya riga ya ci wani abu a filin jirgi.

Ana kwashe tire na ce to, Alhamdu lillahi, yanzu za a kashe fitila. Ina! Sai ga kurar sayar da turare da agogo, da sanarwa cikin harsuna biyu, kowace tana tsayar da abin da kake kallo a allo ta kwararo maka magana cikin kunne. Ban ga wanda ya sayi ko tsinke a ɓangarenmu ba. Ƙarfe 2:10 aka rage haske. An sake kunna shi 7:40 don karin kumallo. Awa biyar da rabi ke nan na duhu, rabin tafiyar cif, sauran rabin an rabar da shi tsakanin kura da sanarwa.

Cikin wannan rabin ma akwai masu kaso. Iska ta busar da kai, dole ka sha ruwa. Ka sha ruwa, dole ka nemi makewayi. Kana jikin taga, dole ka tashi mutum biyu. Gaba kura baya sayaki. Wajen ƙarfe uku na danna ƙararrawar kiran ma'aikata don a kawo mini ruwa, fitilar ta yi minti 20 tana ci a kaina, ba wanda ya leƙo. Da dattijon ya farka da kansa zai zaga, sai na bi bayansa, muka tsallake saurayin nan da ko motsi bai yi ba.

A ɗan kicin ɗin da ke ƙarshen jirgi na tarar da ma'aikaciya ɗaya tak, zaune a kan kujerar naɗewa da bargo a kafaɗa. Ban kai ga yin ƙorafi ba ta miƙe ta ba ni haƙuri, ta cika mini gorata har baki. Ta ce rabin abokan aikinta suna hutu a wani ɗan ɗaki mai gadaje da ke saman rufin fasinja, karɓa-karɓa suke yi. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce ma'aikaci ɗaya ga kowace kujera 50, kuma don fitar da mutane lokacin haɗari aka sa ta, rabon ruwa ƙari ne. Na ɗan tsaya a nan ina miƙe ƙafa, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana tun 2007 cewa zaman awa huɗu ko fiye ba motsi yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa.

Yabon gwani ya zama dole, wannan baiwar Allah ita ce ta wanke kamfanin a idona. Da dattijon ya fito daga makewayi yana rawar sanyi, ta dube shi ta ce, "Baba, sanyi kake ji?" Ya ce, "Wallahi 'yata, ƙafafun ne." Ta zuba ruwan ɗumi a gorar roba, ta naɗe ta da tawul, ta raka shi har kujera, ta durƙusa ta sa masa a ƙarƙashin sawu, ta ƙara masa bargo. Ya tambaye ta lokacin shan maganinsa, tunda agogo ya rikice masa. Ta tambayi ƙarfe nawa yake sha a gida, ta lissafa, ta ce ya kwanta ita za ta tashe shi. Kuma ta zo, da kofin ruwa a hannu, minti ɗaya bai wuce ba.

Wajen ƙarfe biyar muka shiga gargada. Ba mai tsanani ba ce, amma a bayan jirgi an fi jin ta. Na kan fukafuki su ne a wuri mai daɗi. Fitilar ɗaura bel ta kama, ma'aikata suka bi layi da tocila suna dubawa. A nan wayon saurayin ya gaza: bel ɗinsa na ƙarƙashin bargo, dole aka tashe shi ya nuna. Ya yi tsaki, ni kuwa ban ga laifinsu ba. A watan Mayun 2024 wani jirgi daga Landan zuwa Singafo ya faɗa mummunar gargada ana tsakar karin kumallo, mutum ɗaya ya rasu, da dama suka jikkata. A ɗaura bel a saman bargo, an huta da tashi.

Da yake gabas muka nufa, rana ta tarye mu da wuri. Tagar wannan jirgi ba ta da marfi, maɓalli ake dannawa gilashin ya yi duhu, kuma ma'aikata na iya kulle na kowa daga wurinsu. Sun kulle. Na so ganin fitowar alfijir a saman gajimare, sai dai na ga rana ta zama wani ɗan shuɗin ƙwallo kamar wata. Na ji haushi kaɗan, amma da an bar wa kowa tasa, da mutum ɗaya ya hana layi biyar barci.

Karin kumallon wainar ƙwai ce mai ruwa-ruwa da dankali, sai yogot da 'ya'yan itace masu sanyi waɗanda su ne suka yi rana. Don wannan aka tashe mu saura awa biyu da minti 20 a sauka, aikin da bai fi minti 45 ba. Makewayi kuwa zuwa lokacin ya ji jiki: ƙasa a jiƙe, takarda ta ƙare a ɗaya, layi har tsakiyar jirgi. Wanda ya shiga da safa kawai ya yi nadama.

Zan sake hawa? Zan sake, don tikitin dawowa na hannuna, kuma tsakani da Allah jirgin da ma'aikatan sun ci a yaba musu. Mai tsara jadawalin hidimar ne ban yafe wa ba. Na riga na canza kujerata zuwa bakin hanya, kusa da fukafuki. Zan ci in ƙoshi a filin jirgi, in cika gorata bayan an gama bincike, in shiga da abin toshe kunne da ƙyallen rufe ido, in ce wa ma'aikata kada a tashe ni ko da me aka zo.

Da muka sauka takalmina ya ƙi shiga, ƙafa ta kumbura, sai da na sassauta igiya har ƙasa. Dattijon ya tsaya a bakin ƙofa ya riƙe layi yana ta sa wa ma'aikaciyar nan albarka, na bayanmu suna ta gyaran murya. Ni kuma a wurin taron, ana cikin jawabi na biyu na ji maƙwabcina yana taɓa ni da gwiwar hannu.