Gwiwar ƙarfe da zaman tahiya: saƙo daga Liyon

Salamu alaikum Yaya. Ina gaishe ka da iyali, a yi wa Inna sannu da jiki. Saƙonka ya iso, kuma tunda tambayar da ka yi kan gwiwar Inna, wato ko a sayar da fili a yi mata aikin sa gwiwar ƙarfe, ita ce mutanen Maradi ke ta aiko min, gara in ba da amsa ɗaya kowa ya karanta.

Ka san aikina a nan Liyon, a ƙasar Faransa. Ni ba likita ba ce, mai taimaka wa malaman jinya ce a gidan da ake kawo waɗanda aka yi wa aikin ƙugu ko gwiwa don su sake koyon tafiya. Ni ke tayar da su daga gado, ni ke raka su makewayi, don haka abin da ke biyo bayan aikin a gabana yake faruwa.

Aikin kansa ba sabo ba ne. Wani likitan Ingila, John Charnley, shi ya daidaita na ƙugu a asibitin Wrightington a 1962: a yanke kan ƙashin cinya da ya cinye, a soka ƙarfe mai dunƙulallen kai, a dasa masa kwano mai rufin roba mai tauri a ƙashin ƙugu. A gwiwa kuwa fere bakin ƙasusuwan ake yi, a sa musu hular ƙarfe, roba a tsakani. A Faransa kaɗai ana sauya ƙugu fiye da 100,000 a shekara. Tsohuwa za ta ce maka za a sauya mata ƙugu ranar Talata, ko a jikinta.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki. A 2019 masu bincike na jami'ar Bristol sun fitar a mujallar Lancet cewa cikin gwiwoyin ƙarfe 100, kusan 82 suna kai shekara 25 ba a sake su ba, ƙugu kuwa 58. Wato gwiwa ta fi ƙarko. Amma a ɗakunanmu masu ƙugu ne ke dariya. Wanda ya zo yana ɗingishi shekara da shekaru, bayan wata biyu ko uku sai ya ajiye sanda, wani ma ya manta wace ƙafar aka yi wa aiki. Mai gwiwa shi ke shan wuya: kumburi, zafi da dare, kuka wurin lanƙwasawa. Kusan mutum ɗaya cikin biyar yana zama da sauran ciwo ko da aikin ya yi kyau a hoto.

To, nan ne nake so ka natsu, Yaya. Da likitan nan ya ce aiki ya yi nasara, nufinsa mutum na tafiya, yana hawa bene, yana zama kan kujera. Gwiwar ƙarfe takan lanƙwashe ne zuwa digiri 110 ko 120, kuma wannan ya ishi Bature. Mu rayuwarmu a ƙasa take. Zaman tahiya, wanda ɗuwawu ke sauka kan diddige, yana neman wajen digiri 150. Ga tsugunno a masai, ga tabarma, ga kujerar tsakar gida da Inna ke zama tana tsince yakuwa. Dattawan Aljeriya da Maroko da nake kula da su, da yawansu a kan kujera suke salla tun bayan aikin. Addini ya yi sauƙi, wanda bai iya tsayuwa ba ya yi a zaune. Amma Inna ce fa; in ba a gaya mata tun farko ba, sai ta ce an cuce ta. Mai sabon ƙugu shi ma a makonnin farko ba ya zama ƙasa-ƙasa, ba ya harɗe ƙafa, don kada kan ƙarfen ya goce daga kwanonsa.

Ƙarfen da ake sa wa a nan shi ne ake samu a Tunis, ko Indiya, ko wajen ƙwararrun Yamai da asibitin ƙashi na Dala a Kano. Bambancin yana cikin hidimar da ke kewaye da shi. Nan ranar da aka yi aikin, ko washegari, ake tsayar da mutum a kan ƙafarsa. Mai gashin ƙashi, wanda suke kira kine, yana bin sa makonni. Ana ba shi maganin hana jini daskarewa a jijiya, mai ƙugu har kwana 35. Kuɗin kuwa inshorar gwamnati ce ke ɗaukar mafi yawa, sai ya miƙa katinsa na Vitale. Mu kuwa a sayar da fili, a biya jirgi, a yi aiki, a dawo unguwar Zariya ta Maradi da takarda cikin jaka, shi ke nan. Wa zai lanƙwasa ƙafar kullum?

Akwai inda muka fi su nesa ba kusa ba. Tsofaffin nan wani sai ya yi mako ba wanda ya leƙo shi. Sai dai gatan namu ma yakan yi ɓarna: da Inna ta motsa za a ce "kwanta ki huta", a kawo mata buta, a kawo fura har gado. Gwiwar da aka bari kwance a makonnin farko sandarewa take yi.

Abin tsoro na gaske shi ne ƙwayar cuta ta kama ƙarfen. Mutum ɗaya ko biyu cikin 100 ne, amma wanda ta faɗa wa sai an sake buɗewa, wani lokaci a cire ƙarfen gaba ɗaya. Shi ya sa ba sa taɓa mutum sai sukarinsa ya daidaita, sai an duba haƙora da duk wani gyambo a ƙafa.

Karaya kuma zancenta daban. Masu ɗorinmu ban raina su ba, amma tsohon da ya faɗi ya karya wuyan ƙashin cinya ba na ɗori ba ne, domin jini bai cika isa wurin ba. Nan cikin awa 48 ake son a yi aiki, domin kwanciyar ce ke kisa; ko da duk kulawarsu, kusan ɗaya cikin biyar ba ya cika shekara. Haka yaranmu masu sikila da kan ƙashin ƙugu ke mutuwa musu tun suna samari: aikin na taimakonsu sosai, amma mai shekara 25 ya sa a ransa wata rana za a sake.

Game da Inna, kada a taɓa filin nan tukuna. A kai ta a ɗauki hoton gwiwoyin tana tsaye, ba a kwance ba, a auna sukari da hawan jini, ka turo min ta WhatsApp. Kafin nan a samo mata sanda, ta riƙe a hannun da ke ɗaya gefen ƙafar mai ciwo, a kira magini ya ɗaga mata mazaunin makewayi. Kuɗin maginin zan aiko ƙarshen wata in Allah ya yarda.