Ajin intanet na yara masu buƙata ta musamman: wata huɗu da muka yi

Ɗana shekararsa huɗu bai fara magana ba, likita ta ce galahanga ce. Makarantar da ke karɓar irinsu ta yi mana nisa, shi ya sa na biya masa ajin intanet, sau biyu a mako, minti 30.

Mako ukun farko kuɗina ne kawai ya tafi. Yaron da ko fuskata ba ya kallo, ina zai kalli ta cikin waya? Malama na tafi tana waƙa, shi yana bayan kujera yana juya murfin tukunya. Har na yanke shawarar dainawa.

Sai ranar nan ta ce, "Maman yaro, yau ke ce ɗalibata. Jingine wayar a bango, ki ɗauko abin da ya fi so." Na ɗauko cincin. Ta ce in ba shi ƙwaya ɗaya, in rufe sauran a robar da yake hango cikinta, in yi shiru in ƙirga goma a zuci. Wallahi goman nan ta fi mini awa tsawo. Ya ja hannuna, ya yi kuka, tana ce mini, "Daure, faɗi kalmar sau ɗaya ki jira." A karo na shida ya ɗago ido ya ce "ƙara". Ba ta fita sosai ba, amma ita ce. Na fashe da kuka, malamar na kabbara. Ashe ni nake riga shi, tun bai nema ba na miƙa masa.

Don wannan ranar kaɗai na so in ce kowa ya je ya biya. Amma da na tuna ajin haɗaka na ranar Asabar sai raina ya ɓaci. Yara shida, kowa makirfonsa a buɗe, nawa ya toshe kunne yana ihu. Na yi ƙorafi sau biyu, "za mu duba" kawai. Ranar da sabis ya tsinke daga wajensu ma an lissafa mana darasin. Katunan hotunan da suke turowa duk Turanci ne, mu kuwa Hausa muke yi a gida, sai da na bi kofinsa da takalminsa na ɗauki hoto na buga da kaina.

Wata mai zuwa na malamar nan kaɗai zan biya, na Asabar kuwa sun ga ƙeyarmu.